Kilomita Biyar: Kasuwar Da Ke Jiran Ƙarshen Wata

Wanda ya tashi daga tsakiyar birnin Bangui, kusa da bakin kogin Ubangi, ya bi titin Boganda ya miƙe, ba zai jima ba sai ya tsinci kansa cikin hayaniyar masu babura da 'yan turin kura. To, ya iso Kilomita Biyar ke nan, wato PK5, unguwar da Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Cadi suka daɗe da mayar da ita gida. A rumfa guda sai ka ji ana ciniki da Sango, ana lissafi da Faransanci, ana gaisawa da Hausa.

Kusan duk abin da ke cikin rumfunan nan daga nesa ya zo. Ƙasar ba ta da teku, saboda haka atamfa da sukari da siminti da kayan gyaran mota sai sun taso daga tashar Duwala ta Kamaru, su ratso Garwa-Bulai da Buwar kafin su iso. Amma mai karatu, kawo kaya daban, samun mai saye daban. A da, babban abokin cinikin ɗan kasuwa shi ne ma'aikacin gwamnati: malamin makaranta, akawu, ma'aikacin asibiti, soja. Yakan ɗauki buhun shinkafa bashi, a rubuta a littafi, wata ya ƙare ya zo ya biya.

Wannan amana ta fara tsinkewa tun zamanin Shugaba Kolingba, lokacin da albashi ya riƙa makalewa wata da watanni. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi, albashi kuwa yana nan inda yake. A 1996, zamanin Shugaba Patassé, sojoji suka yi tawaye har sau uku, kuma rashin biyan albashi ne ya kunna wutar farko. An wawashe shaguna da masana'antu, wasu ba su sake buɗewa ba. Mutumin da ke sayen turmin atamfa ya koma sayen gwanjo, mai sayen buhu ya koma awo da gwangwani. A ƙauyuka da yawa iyaye ne suka koma biyan malaman 'ya'yansu daga aljihunsu.

Talauci idan ya yi yawa, sai ya nemi wanda zai ɗora wa laifi. Ma'aikacin da ya rasa albashi yakan ga rumfa cike da kaya, ba ya ganin littafin bashin da ke ƙarƙashin tebur. Da rikici ya ɓarke a 2013, masu neman fitina suka yi amfani da wannan ƙullin zuci. Aka ƙone shaguna, dubban Musulmi suka tsere Cadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka zauna a unguwar kamar a kurkuku. Su ma mutanen sauran unguwanni sun ɗanɗana kuɗarsu, domin kasuwar da ke ciyar da su ta tsaya. A Nuwamban 2015 Fafaroma Francis ya shigo babban masallacin unguwar yana kiran zaman lafiya.

Yau kasuwa ta dawo da ci, alhamdu lillahi. Sai dai mai zagayawa zai lura cewa manyan dillalai 'yan kaɗan ne, masu kasa tumatir da gishiri a tire kuwa ba iyaka, na tsakiya sun yi ƙaranci. A 2022 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa sefa 29,000, jika ashirin da tara ke nan, kuɗin da mai iyali zai raba tsakanin haya da abinci da makaranta.

Saboda haka 'yan'uwa 'yan kasuwa, maganar albashi ba ta ma'aikata kaɗai ba ce. Ranar da malamin makaranta ya karɓi haƙƙinsa cikakke kuma a kan kari, ranar ce littafin bashinmu zai ragu. Allah Ya ba mu zaman lafiya da ciniki mai albarka, amin.