Ranar Da Nasara Ba Ta Wadatar Ba A Talahasi

A ranar Lahadi, 3 ga watan Disamba na shekarar 2023, da tsakar rana, samarin ƙungiyar ƙwallo ta Jami'ar Jihar Filorida suka hallara a wani zaure a birnin Talahasi na ƙasar Amurka, kowa ya zuba wa akwatin talabijin ido. Wasa 13 suka buga a kakar nan, duka 13 ɗin kuma suka cinye, ba wanda ya kai bayansu ƙasa. Abin da ya rage kawai shi ne a karanto sunayen jami'o'i huɗu da za su yi karon ƙarshe na neman kambin ƙasar. Aka kira Mishigan, aka kira Washinton, aka kira Teksas. Da aka zo gurbi na huɗu sai aka ce Alabama, wadda an riga an doke ta sau ɗaya, a cikin gidanta ma kuwa. Jikin samarin nan ya mutu, waɗansu suka dafe kai. Kafin faɗuwar rana maganar ta game ƙasar, daga masu shayi har 'yan majalisa.

Ya kamata mai karatu ya sani tun da wuri, ba ƙwallon ƙafar da aka saba gani a ke nufi ba. Wannan wasa ne na Amurkawa, ƙwallonsa mai siffar ƙwai, a kan rungume shi a gudu ko a jefa shi da hannu, mutum 11 a kowane gefe, kowa da hular kwano da ƙirjin roba saboda karo. Tun 1869 ɗaliban jami'o'i su ke karawa da juna a kansa. Ranar Asabar tasu ce, ta Lahadi kuwa ta ƙwararru. Kada a ji an ce ɗalibai a zaci wasan yara ne: filin Jami'ar Mishigan kaɗai ya kan ɗauki mutum fiye da 107,000. Da yawa daga cikin masu cika filayen nan ba su taɓa zama ajin jami'ar da su ke goyon baya ba. Gado ne. Uba ya kan kai ɗansa kamar yadda kakansa ya kai shi, a kafa rumfa a bakin fili tun da hantsi, a gasa nama, a sa rigar da ke da launin gida. A Talahasi, kafin a fara wasa, wani mahayi cikin shigar sarkin yaƙin ƙabilar Saminol ya kan sukwano doki har tsakiyar fili ya kafa mashi mai cin wuta, jama'a su ɗauki kuwwa.

To, inda gizo ke saƙar shi ne, jami'o'in da ke sahun farko sun haura 130, alhali kowace wasa 12 kawai ta ke bugawa kafin wasannin ƙarshe. Ba yadda za a yi kowa ya gamu da kowa. Saboda haka aka rarraba su rukuni-rukuni, akasari bisa ga yanki, kowane rukuni ya fid da zakaransa. Zakaran ƙasa kuwa, shekara da shekaru ra'ayi ne ke naɗa shi. Tun 1936 'yan jarida ke jefa ƙuri'a su jera ƙungiyoyi. Daga 1998 aka gauraya ƙuri'a da lissafin kwamfuta don a fid da biyun da za su kara. A 2014 aka ce an gyara, aka kafa gasar sili-ɗaya-ƙwale ta ƙungiyoyi huɗu, kwamitin mutum 13 ke zaɓensu a ɗakin wani otal a Jihar Teksas. Manyan rukunai biyar, kujeru huɗu. Ko makaho ya san wata rana sai an yi rigima.

Ba za a gane zafin abin ba sai an san irin gabar da ke tsakanin maƙwabta a wasan nan. A Jihar Alabama akwai manyan jami'o'i biyu, Alabama da Oban. Bayan wasansu na 1907 suka sami saɓani a kan kuɗin guzurin 'yan wasa da zaɓen alƙali, ba su sake haɗuwa ba sai 1948. A garin Oban akwai waɗansu manyan itatuwa biyu a bakin ƙofar jami'a, inda jama'a kan taru in an ci wasa su yi ta jefa musu farar takardar bayan gida har su koma fari fat. A watan Nuwamba na 2010 Alabama ta sha gaban Oban da maki 24 da nema, amma aka tashi Oban na da 28, Alabama 27. Wani dattijo, tsohon ɗan sanda, wanda saboda ƙaunar Alabama har ya raɗa wa ɗansa sunan tsohon mai horad da ƙungiyar, ya je ya zuba wa itatuwan nan maganin kashe ciyawa mai ƙarfi. Bai tsaya nan ba, a watan Janairu na 2011 ya buga waya gidan rediyo, a tsakiyar shiri, ya faɗa wa duniya abin da ya yi da bakinsa. Ya sha ɗauri, aka kuma ɗora masa diyya. Masana suka yi iyakar ƙoƙarinsu, amma a watan Afrilu na 2013 dole aka sare itatuwan.

Abin mamaki, waɗannan mutane da ba su ga maciji da juna, da zarar ɗayansu ya fita karawa da baƙo sai su tuna ashe tsintsiya ɗaya ce. Rukuninsu shi ne na Kudu Maso Gabas, wanda a ke taƙaita sunansa da SEC, kuma magoya bayansa sun shahara da rera haruffan nan uku a fili duk sa'ad da suka ka da ƙungiyar wani rukuni. Ba kowa ba, don akwai ɗan Oban da ya gwammace ya kwana da yunwa da ya yi wa Alabama fatan alheri. Amma mafi yawa sun ɗauki nasarar maƙwabci a kan shaidar cewa yankinsu ne gidan wasan. Suna da abin kafa hujja: daga kakar 2006 zuwa ta 2012, sau bakwai a jere, kambin ƙasa bai fita daga rukuninsu ba. Wa ya karya wannan lago? 'Yan Talahasi ne, na rukunin Gaɓar Atilantika, watau ACC, da suka doke Oban 34 da 31 a watan Janairu na 2014. Ashe tsohuwar jiƙaƙƙa ce.

A koma kan kakar 2023. Madugun ƙungiyar Talahasi, watau mai jefa ƙwallo wanda duk dabarar kai hari ke hannunsa, shi ne Jordan Travis. Ranar 18 ga Nuwamba ya karye a ƙafa, a wani wasa da ƙaramar jami'a wanda ba a ma ɗauke shi da muhimmanci ba. Mataimakinsa ya karɓa, suka doke Jami'ar Filorida, babbar abokiyar gabarsu, 24 da 15, amma shi ma ya bugu a kai. Sai da ɗan shekarar farko, na uku a layi, suka je wasan ƙarshe na rukuninsu ranar 2 ga Disamba, suka ci Luwibil 16 da 6. Wasan bai yi armashi ba, masu tsaron baya ne suka yi aikin. A ranar ce kuma Alabama ta doke Jojiya 27 da 24, ta katse mata nasara 29 da ta jera. Nan kwamiti ya shiga tsaka mai wuya. In ya ɗauki Alabama, tilas ya ɗauki Teksas, domin Teksas ce ta bi ta har gida a watan Satumba ta ci ta 34 da 24. In kuwa ya bar Alabama, to a karon farko za a yi gasar ba ko ɗaya daga SEC.

Shugaban kwamitin, Boo Corrigan, wanda shi kansa daraktan wasanni ne a wata jami'a ta rukunin ACC, ya fito ya ce ƙungiyar Talahasi ba ita ce ta makonnin baya ba tun da ta rasa madugunta. Kuma gaskiya ne ƙa'idar kwamitin ta yarda a dubi rashin babban ɗan wasa. Magoya bayan SEC suka ce ai ga shi nan: an ce a zaɓi huɗun da suka fi ƙarfi ne, ba a ce a raba ladan ƙoƙari ba.

Na Talahasi suka ce sam. Ƙungiyoyin SEC biyu suka gamu da su a kakar, suka doke su duka biyun, ta farkon ma 45 da 24. Ita Alabama da a ke kurantawa, mako guda kafin nan da ƙyar ta kuɓuta daga hannun Oban da wata jifa ta kasada a daƙiƙun ƙarshe, alhali Oban ɗin rabin wasanninta kawai ta ci. Suka tuno da Jami'ar Jihar Ohayo, wadda a kakar 2014 ita ma da madugu na uku aka ba ta gurbi na huɗu, ta kuwa cinye gasar. Na wancan gefe suka amsa: Ohayo 59 da nema ta ci wasanta na ƙarshe, ba 16 da 6 ba. Sa'an nan aka gangaro kan kuɗi, inda kowace gardama ta Amurka ke ƙarewa. Tashar ESPN ce ke nuna gasar, ita ce kuma ke da babbar yarjejeniya da SEC, saboda haka dubban mutane suka yi ta zargin an zaɓi wanda zai fi jawo 'yan kallo ne. Ba a kawo shaidar haka ba, tashar kuma tana da yarjejeniya da ACC ma, amma mai jin haushi ba ya jiran shaida.

Mai horad da ƙungiyar, Mike Norvell, ya fid da takarda mai zafi yana tambayar mene ne amfanin buga wasa in haka ne. Gwamnan jihar, Ron DeSantis, ya nemi a ware dala miliyan ɗaya ko da za a je kotu. Sanata Rick Scott ya rubuta yana neman a bayyana yadda aka yi ƙuri'ar. Babbar lauyar gwamnatin jihar ta buɗe bincike. Amma duk cikin maganganun nan ba wadda ta taɓa zuciya kamar ta Travis, wanda ya rubuta cewa ina ma tun farkon kaka ƙafar tasa ta karye, don jama'a su ga ƙungiyar ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Saurayi ya kai ga yi wa karayarsa fatan zuwa da wuri, ai abin ya wuce wasa.

Mai yiwuwa ne kwamitin ya yi daidai a hasashensa. Da an haɗa Alabama da 'yan Talahasi a makon nan, masu caca da yawa Alabama za su bi. Amma hasashe ba shi ne wasa ba. Abin da ke sa magidanci ya tuƙa mota tafiyar yini guda ya zauna cikin rana yana ihu shi ne imanin cewa a fili a ke yanke hukunci, cewa mai rauni ya kan ka da ƙaƙƙarfa, kuma in ya ka da shi za a rubuta. In da a ce wanda ya fi ƙarfi a takarda shi ke wucewa, da Jojiya ce ta cancanta ba Alabama ba, don ita a ke wa kallon gagara-badau har ranar da aka doke ta. Kwamitin ya girmama sakamakon fili a kan Jojiya da Alabama, ya girmama shi a kan Teksas da Alabama, da aka zo kan 'yan Talahasi sai ya sake ma'auni. Ba a taɓa barin zakaran ɗaya daga manyan rukunan nan biyar a waje ba alhali ba a ci shi ko sau ɗaya ba, sai a ranar.

Abin da ya biyo baya bai raba gardamar ba, ƙara mata gishiri ya yi. Aka tura 'yan Talahasi wasan ban-haƙuri da Jojiya ranar 30 ga Disamba. Manyan 'yan wasansu da yawa suka ƙi zuwa, waɗansu don kada su ji rauni kafin su shiga sahun ƙwararru, waɗansu sun nemi canjin makaranta. Aka yi musu cin kaca, 63 da 3. Na SEC suka ce kun gani. Na Talahasi suka ce wannan ba ƙungiyarsu ba ce, inuwarta ce. Kwana biyu bayan haka Mishigan ta fid da Alabama 27 da 20 bayan ƙarin lokaci, ta je ta ɗauki kambin. Ita kuwa Jami'ar Jihar Filorida, tun kafin ƙarshen Disamba ta maka rukuninta na ACC a kotu tana neman hanyar fita, don a ganinta zama cikinsa ne ya rage mata kuɗi da daraja. Sai a 2025 aka sasanta.

Daga kakar 2024 aka faɗaɗa gasar zuwa ƙungiyoyi 12, abin da da ma an shirya tun kafin rigimar. Teksas da Okalahoma suka koma SEC, manyan jami'o'in yammacin ƙasar suka watse zuwa rukunan da ke da nisan dubban mil daga gida, tsofaffin karon maƙwabta da dama suka raunana saboda kuɗin talabijin. Ƙarin kujeru kuma bai kashe ƙorafi ba. A watan Disamba na 2025 Jami'ar Notre Dame ce aka bari a waje, Alabama ta shiga, su kuma suka yi fushi suka ƙi buga wasan ban-haƙurin gaba ɗaya.

'Yan Talahasi dai sun sha wuya, don a 2024 wasa biyu rak suka ci cikin 12. Amma jadawalin da aka tsara shekaru da dama kafin rigimar ya kawo musu Alabama har gida ranar 30 ga Agusta, 2025, a wasan farko na kaka. Mahayin nan ya kafa mashinsa, aka fara. Aka tashi 31 da 17, masu gida ke da rinjaye. Ɗalibai da dattawa suka tsallake shinge suka cika filin maƙil, abin da dokar rukunin ta hana, har aka ci jami'ar tarar dala 50,000. A kakar ma ba su kai ga gasar ba.