Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Abin da Fadamar Haɗejiya Ta Koya Mini

A makarantun likitanci na Amurka da Ingila akwai wani darasi na ganin dama da ɗalibai ke rububinsa, wato koyon duba mara lafiya a daji, inda babu asibiti kusa. Akan kwashe su na 'yan makonni a kai su kan duwatsu ko cikin hamada, a koya musu ɗaurin karaya da sanda da tsumma, da ceton wanda sanyi ya sandarar, da yadda ake sauko da wanda ya faɗo daga tsauni. Tun 1983 likitocin Amurka suka kafa ƙungiyar wannan fanni, Wilderness Medical Society. Ma'auninsu mai sauƙi ne: duk inda mara lafiya zai haura awa guda kafin ya isa inda za a yi masa cikakken aiki, to a daji ake, ko da kuwa akwai gidaje da masallaci.

In da wannan za a auna, ƙauyuka da dama na ƙasar Haɗejiya daji ne tun daga Agusta har Satumba ta fita. A can na yi nawa karatun, kuma ba zan ɓoye ba, ba kishin talaka ne ya kai ni ba. Ina cikin horon ƙwarewa a Kano, zaman karkara ya zama dole kafin jarrabawa. Na duba taswira, na ga wani ƙaramin asibiti gabas da Haɗejiya wanda ba shi da nisa da kwalta, na ce nan ya yi mini, duk Juma'a in an sauko masallaci sai gida. Ban daɗe da sauka ba ruwa ya cinye hanyar da ta haɗa mu da kwaltar.

Wanda bai san wurin ba zai ɗauka ruwan sama ne kawai. Kogin Haɗejiya daga ƙasar Kano yake tasowa, inda Kogin Kano da na Challawa suka haɗu. An tare na farko da madatsar Tiga a 1974, na biyu da ta Challawa a 1992. Ruwan ya bi ta Wudil da Ringim, yana zuwa Haɗejiya sai ya tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ya rarrabu rassa-rassa ya nufi Nguru da Gashuwa. Tun da aka yi madatsun nan, wasu rassan suka daina ƙafewa da rani, ciyawar kacalla ta samu gindin zama ta toshe su. Da damina ta yi ƙarfi aka saki ruwa daga sama, sai ya rasa mafita, ya fasa jinga ya shiga gonakin shinkafa da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri.

Ruwa in ya taso, mutum da dabba da maciji duk tudu ɗaya suke nema. Wani dare aka shigo mana da saurayi a kan ƙyauren ɗaki. Yana fitar da damin gero daga rumbun da ruwa ya fara ci, wani abu ya sare shi a ƙafa, bai ga ko mene ne ba. An ɗaure masa ƙwauri tamau da robar tayar keke, ƙafar ta kumbura. A asibitin koyarwa takarda zan rubuta a kai jininsa ɗakin gwaji. Nan kuwa babu ɗakin gwaji, babu wuta, sai tocila. Jami'in lafiyar da ke riƙe da wurin, wanda kowa ke kira Malam, ya buɗe wata durowa ya warware tsumma, sai ga ƙananan kwalabe na gilashi, sababbi fil.

"Likita, mu tambayi jinin tukuna," in ji shi.

Ya ɗibi ɗan kaɗan da sirinji ya zuba a kwalba, ya ajiye ta a bakin taga inda ba mai taɓawa, muka duba agogon waya. Da minti 20 ta cika ya ɗaga kwalbar gaban tocila ya karkata ta. Jinin ya gangaro kamar zoɓo, ko alamar daskarewa babu. Ya ɗaga leɓen yaron, dasashinsa na tsattsafar da jini. Kububuwa ce. Muka kwance robar, muka sa masa makarin dafi ta jijiya, wanda Malam ya adana a firjin allurar rigakafi mai aiki da hasken rana. Bayan awa 6 muka sake gwadawa, jini ya kama.

Wannan gwaji na san shi a takarda, har a jarrabawa na rubuta shi. A Najeriya ma ya samo asali, daga aikin da Farfesa David Warrell da abokan aikinsa suka yi lokacin da yake Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970, kuma da shi ake aiki a asibitin saran maciji na Kaltungo. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2017 ta mayar da saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Amma abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Gwajin ba ya yiwuwa da kwalbar roba, kuma gilashin da aka wanke da sabulu yana iya yin ƙarya. Wato Malam tun da rani, ana tsakiyar zafi da ƙura, ya zauna ya tuna da macijin Satumba, ya sayi kwalabe ya naɗe.

Darasi na biyu bai zo mini da daɗi ba. Bayan magariba aka kawo wata yarinya mai cikin fari, tun jiya take naƙuda. Na duba na ga kan jariri ya tsaya, ba zai wuce ba, tiyata kawai take bukata. Hadari ya haɗu, iska ta taso. Na aika aka kira mai fiton garin, wani dattijo wanda shi ke tsallakar da mu a kwalekwale zuwa bakin kwalta.

"Baba, ka taimaka, ko nawa ne ni zan biya."

Ya dubi sama, ya dube ni. "Likita, ba zancen kuɗi ba ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Hanyar da na bi da rana, iskar nan ta turo kacalla ta rufe ta. In muka kife cikin duhun nan, mutum shida za a nema gobe, ba ɗaya ba. Ka riƙe mini ita zuwa asalatu, ɗana."

Na roƙa, na ɗaga murya, bai motsa ba. Muka koma muka yi abin da ke hannunmu. Muka sa mata robar fitsari don mafitsara ta huta, muka ɗaura ƙarin ruwa, muka yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta, muka kwantar da ita ta hagu. Ni da ungozoma muna karɓa-karɓa da ƙahon sauraron bugun zuciyar jariri. Can wajen ƙarfe uku na dare na ɗora ƙahon, na matsa nan, na matsa can, shiru. Ana kiran asalatu Baba ya turo jirginsa. A bakin kwalta wani direba daga cikin 'yan ƙungiyar direbobi masu sa kai wajen kai mata haihuwa ya ɗauke mu zuwa Haɗejiya. Aka yi tiyata. Uwar ta rayu, kuma Allah ya tsare ta daga yoyon fitsari. Jaririn dai ya riga ya koma.

Na jima ina gaida Baba a daƙile. Ungozomar ce ta kwance mini ƙullin, wata rana muna wanke kayan aiki.

"Likita, ka daina riƙe Baba a zuci. Yarinyar nan tun watan jiya na san ba a gida za ta haihu ba. Ƙarama ce, ga cikin fari. Kuma tana da gwaggo a cikin Haɗejiya. A lokacin babur ma yana zuwa."

A nan na gane cewa ba a daren aka yanke hukuncin jaririn nan ba. Gardamar da na yi da Baba, gardama ce a kan abin da ya riga ya ƙwace. Shi kuwa abin da ya faɗa, shi ne babin farko a duk littafin ceto a daji: mai ceto ba ya ƙara yawan waɗanda za a ceta. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a fadama wannan magana ita ce rabin likitanci.

Ambaliyar Haɗejiya ba ta zuwa ba sallama. Hukumar kula da ruwa ta ƙasa, NIHSA, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara, kuma ruwan da aka saki daga Tiga yakan yi kwanaki a hanya. Akwai lokacin da za a bi gida-gida da ungozoma a rubuta masu cikin da ya tsufa, a lallashi mazajen masu cikin fari da masu hawan jini da waɗanda aka taɓa yi wa tiyata su kai su wurin dangi a gari. Akwai lokacin tanadar ƙwayar misoprostol ta tsayar da jini bayan haihuwa, wadda ba ta bukatar firji, da allurar jijjiga, da maganin zazzaɓin cizon sauro da ake cusa wa yaro ta dubura kafin a kama hanya. Sai gishirin amai da gudawa da sinadarin tsabtace ruwa, domin masai da rijiya sukan zama ɗaya in ruwa ya kwanta. In fakitin ya ƙare, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya, ta kashe sama da 3,000, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin ƙasa. Wanda kuma yake son ganin kuɗin da jinkiri ke karɓa, ya leƙa ɗakin masu yoyon fitsari a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008.

Ɗalibanmu suna zaman karkara, na Bayero a Kumbotso, na Zariya a Yakawada, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse ita ma tana horar da likitoci. Abin da nake fata shi ne a buɗe wa masu sha'awa, ɗalibai da masu neman ƙwarewa, darasin ganin dama a wannan fadama. Amma da sharaɗi. Su je sau biyu, da bazara don tanadi, da damina don aiki. Kada a tura yaro shi kaɗai, a haɗa shi da babban likita, domin mutanen ƙauye ba abin gwaji ba ne. Kowa ya koyi iyo, ya sa rigar ceto kafin ya taka jirgi, ya san kuma ruwan nan yana ɗauke da tsargiya. Sannan a rubuta sunan jami'in lafiya da ungozoma da mai fito cikin malaman darasin, a biya su haƙƙinsu kamar kowane malami.

Yanzu in muna zagayen marasa lafiya ɗalibi ya fara karanto mini sakamakon gwaje-gwaje, nakan tsayar da shi in ce: daga wane gari aka kawo shi, a kan me aka ɗauko shi, awa nawa suka yi a hanya, kuma in muka sallame shi ciwon ya dawo cikin Agusta, ta ina zai biyo? Wanda bai iya amsawa ba, sai ya koma bakin gado ya tambayo.