Tsuntsun da ba ya shan ruwa a faƙon Etosha

A arewacin Namibiya akwai wani fili da ake kira Etosha, farin faƙo na gishiri wanda faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 5,000. Da tsakar rana ba abin da ido zai kama a cikinsa sai kawalwalniya. Gandun dajin da ya kewaye shi, wanda Jamusawa suka keɓe tun 1907 lokacin da suke mulkin ƙasar, ya haura murabba'in kilomita 22,000. Jama'a na tururuwa zuwa can saboda zaki da giwa da karkanda. Ni ma su na je gani, cikin watan Oktoba, ƙarshen raninsu ke nan, don damina da rani a can sun saɓa da namu. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai bai kai kurciya nauyi ba.

Arewa da sansanin Okaukuejo hanya tana ratsa wani fili mai tsakuwa da guntuwar ciyawar da dabbobi suka gwaguye har ƙasa. Nan direbanmu ya taka birki, ya nuna gefen hanya da baki. Na duba, tsakuwa kawai. Sai wata tsakuwar ta miƙe da ƙafa biyu ta sheƙa da gudu.

Masana suna kiran wannan tsuntsu Rhinoptilus africanus, ni kuwa ɗan tsere zan ce masa. Tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba sai da kaɗan. Ƙafafunsa dogaye ne, farare-farare, kowace da yatsu uku, babu na baya. Bayansa launin ƙasa ne, gashin jere kamar ɓawon kifi, a ƙirjinsa kuma baƙaƙen layuka biyu. Yana da fukafukai lafiyayyu, in ya buɗe su har wani ja-ja kake hangowa, amma tashi sama sai dole. Gudu yake yi, zar, ya tsaya cak, ya ɗaga wuya ya duba, ya sake zurawa. Da ya tsaya ya ba ka baya, to, ka rasa shi, ko da kana riƙe da madubin hangen nesa.

A Etosha doka ta hana fita daga mota, saboda haka ta taga na leƙa inda ya tashi. Babu sheƙa, ko tsinke ɗaya. Akwai dai busasshen kashin barewar ƙasar a warwatse, ƙulu-ƙulu. Direban ya ce in ƙirga su a hankali. A tsakiya ɗaya ya ɗan fi sauran girma, da zane-zane masu duhu a jikinsa. Ƙwai ne. Guda ɗaya tak, a ƙasa tsirara, kuma haka wannan tsuntsu yake yi kullum. Sau da yawa wurin kashin dabbobi yake zaɓa, don dila da hankaka ba sa tsayawa binciken abin da suka saba gani ko'ina. Da ya hango abokin gaba tun daga nesa sai ya sulale ya bar ƙwan, tunda zamansa a kai shi ne zai tona asiri.

Sai dai rana ba a yi mata wannan dabara. A wannan wata zafi yakan doshi digiri 40, tsakuwar kuwa ta fi iska zafi nesa ba kusa ba, ƙwan da aka bari a fili ba zai daɗe ba zai dahu. Da muka kashe mota muka yi shiru, bai jima ba ya dawo, gudu kaɗan, tsayuwa kaɗan, ya zagayo ta wani gefe. Ya tsuguna a saman ƙwan yana yi masa inuwa, baki buɗe yana haki, gashin baya a tashe don iska ta ratsa. Mu mun san kaza da ɗumama ƙwai. A nan rabin aikin kwanci sanyaya shi ne. Namiji da mace karɓa-karɓa suke yi, kusan mako huɗu, kafin a ƙyanƙyashe. Wani masanin tsuntsaye na Afirka ta Kudu, Gordon Maclean, ya yi zaman kallonsu a Kalahari cikin shekarun 1960, kuma yawancin abin da aka sani game da kiwon 'ya'yansu daga aikinsa ya faro.

Wani zai ce ƙwai ɗaya ai kasada ce. A ganina lissafi ne na mai zaman wuri mai wuya. Iyayen ne ke ciyar da ɗan tsakon da bakinsu har ya yi ƙwari, baki ɗaya kuwa ya fi sauƙin cikawa. Sannan ba su da wata ƙayyadaddiyar kakar haihuwa. Kowane wata suna iya yin ƙwai, in wannan ya salwanta su sake wani.

Maganar ruwa ita ta fi ɗaure mini kai. Yawancin manyan dabbobin Etosha rayuwarsu a ɗaure take da mashaya: jakin dawa, raƙumin dawa, giwa, kowa sai ya zo, zaki kuma ya san da haka. Ɗan tsere ba ruwansa da mashaya. Ɗan danshin da ke jikin gara da tururuwa da ƙananan ƙwari shi ke riƙe shi, musamman wata gara mai fitowa fili tana yankar ciyawa. Yawancin kiwonsa ma da sanyin yamma yake yi, da dare in akwai farin wata, abin da ya sa idanunsa manya ne. Alhali danginsa na asali tsuntsayen bakin ruwa ne, irin su zakaran ƙeƙuwa da muke gani a fadamunmu.

Yana da 'yan'uwa. A tsakuwar hamadar Namib akwai wanda aka sa wa sunan William Burchell, Baturen Ingila da ya yi yawon bincike a kudancin Afirka daga 1810 zuwa 1815. Shi ƙwai biyu yake yi. Wani kuma, mai sunan Temminck, har ƙasashenmu na Sahel yana nan. Shi wurin da aka ƙona daji yake so, ƙwansa ma duhu ne, ya saje da toka da baƙin kututturen ciyawa. Mafarauta da makiyaya da yawa sun sha ganin sa yana zurawa gabansu a sabuwar ƙuna, ba tare da sun lura da abin da ya bari a ƙasa ba.