Daga Jahun Zuwa Dutse A Kan Keke

Makon nan na kawo muku labarin wata 'yar tafiya da muka yi a watan Disamba, bayan an gama girbi, daga Jahun zuwa Dutse a kan keke. Mu uku ne, da ni, da ƙanena, da 'yar yayana, yarinya mai shekara 14.

Ga mafarin abin. Yarinyar nan tana makarantar jeka-ka-dawo, kuma makarantar da nisa da gidansu, saboda haka da keke take zuwa. Ran nan wata babbar mota ta kusa banke ta a bakin titi, ta faɗa kwalbati ta kuje gwiwa. Yayana ya ce daga yau ta bar hawan keke, ko ta tafi da ƙafa ko ta zauna a gida. Ni kuwa na san ƙarshen irin wannan magana. Yarinyar da za ta yi tafiyar fiye da awa guda da ƙafa kullum, ga shara ga wanke-wanke kafin ta fita, ba za ta cika shekara ba za ta ajiye littafi.

Ana cikin wannan jayayya sai ƙanenmu, wanda ya yi karatu a Faransa, ya kawo mana labarin yadda suke yi can. Ya ce suna da wasu hanyoyi da suke kira korayen hanyoyi, waɗanda doka ta hana mota da babur shiga, sai mai keke da mai tafiya ƙasa. Da yawansu tsohon layin dogo ne da aka cire ƙarafansa aka daddaɓe, ko kuwa gefen magudanar ruwa inda a dā dawaki suke jan jiragen kaya. An haɗa su da ƙananan hanyoyin ƙauye, har mutum ya iya tashi daga Faris ya je Dutsen Sen Mishel a bakin teku, kilomita 450, ta cikin kurmi da gonaki da tsofaffin garuruwa. Wata kuma ta bi kogin Luwar kusan kilomita 900. Ya nuna mana hotuna, ga tsofaffi da furfura, ga mata suna jan jariransu cikin ɗan akwati mai ƙafa a bayan keke.

Tsohuwarmu ta karɓi hoton ta duba, ta ce, "Wannan ai burtali ne aka yi wa kwalliya." Muka yi ta dariya, amma maganar ta zauna mini. Ashe abin da waɗansu suke kashe kuɗi su gina, mu mun gaje shi. Na ce to mu gwada mu gani, ko mace za ta iya zuwa Dutse ba ta hau kwalta ba. Maigida ya ba ni izini, Yaya kuma ya yarda da ƙyar, don ƙaninsa yana cikin tafiyar.

Muka tashi bayan sallar asuba, ana hazo, sanyi yana ratsa ƙashi. Kowa ya ɗaure gorar ruwa da ƙunshin dambu a bayan kekensa, ƙanena ya riƙe famfo da kayan faci. Muka bar titin Kiyawa a gefe, muka shiga hanyar gona muka nufi kudu.

Abin da ya fara gwada mu yashi ne. Kun san ƙasarmu tudun rairayi ce, shi ya sa ma aka sa wa jihar suna Jigawa. Iska ce ta tara waɗannan jigayi tun zamanin da ƙasar take ƙeƙasasshiya, ta jera su layi-layi, tsakaninsu kuma kwari ne inda ruwa yake kwanciya ya zama fadama. Saboda haka tafiyar hawa da gangara ce. A kwari ƙasa da tauri, keke sai gudu. A tudu kuwa ƙafar keke takan nutse, dole a sauka a tura. Ƙanena ya koya mana dabara, watau a rage wa taya iska kaɗan, sai ta baje ta daina nutsewa.

Da yake babu ƙarar mota, kunne ya huta, ido kuma ya sami abin kallo. Ga karan dawa an tattara, ga damman riɗi an jingina su suna bushewa, ga mata a gindin tsamiya suna ɓarar zoɓo, hannuwansu ja wur. Yarinya ta tambaye ni, "Gwaggo, me ya sa wancan icen yake kore shar alhali sauran sun kaɗe?" Na ce mata gawo ke nan, shi da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Don haka ba ya tare wa shuka rana, ganyensa kuma taki ne, shi ya sa manomi mai hankali ba ya sare shi. Tana karanta sunansa a littafi, amma sai ran nan ta san shi. Gani ya kori ji.

Da hantsi tsidau ya huda mini taya. Muna zaune ana faci sai ga wata dattijuwar Bafulatana da ƙwaryar nono. Muka gaisa, muka sayi fura ta dama mana. Ta ce ba ta taɓa ganin babbar mace a kan keke a dajin nan ba, ta kuma gargaɗe mu cewa gaba kaɗan hanya ta mutu. Haka kuwa muka tarar. Burtalin da muka biyo, mai faɗin da garken shanu zai wuce a sake, sai ya yi ta tsukewa, mai gonar dama ya ci, mai gonar hagu ya ci, har ya koma ɗan siririn layi tsakanin kunyoyi. A wani wuri ma an yi shinge da ƙaya, sai da muka ɗaga kekunan sama muka tsallaka. Na tuna da matar nan da shanunsu. In hanya ta toshe, ina saniya za ta bi in ba cikin gona ba? Daga nan ne faɗan manomi da makiyayi yakan tashi, mu mata kuma mu ne masu zaman makoki.

Da la'asar sakaliya muka shiga Kiyawa, ƙafafu sun yi tsami. Muka kwana wajen ƙanwar mahaifiyarmu, ta dafa mana ruwan zafi muka gasa jiki.

Kashegari muka nufi yamma. Kusa da Shuwarin ba makawa sai mun tsallaka babban titin Kano zuwa Maiduguri. Muka sauka muka riƙe kekuna, muka daɗe a tsaye manyan motoci suna wucewa kamar iska. Na dubi yarinya na ga hannunta yana rawa a kan birki. Ita da ta yi yini guda cikin daji tana waƙa, ga ta nan ta kasa magana. A nan na gane Yaya yana da gaskiya a tsoronsa, sai dai ya ɗora laifin a kan keke alhali na titi ne.

Ba mu jima ba duwatsun Dutse suka bayyana, manya-manya, wani kan wani, ga itatuwan dabino a gindinsu. Muka ratsa Garu, tsohon gari inda fadar Sarki take, muka fito sabon gari mai faffaɗan tituna. Na gaya wa yarinya cewa Dutse ta zama babban birni ne ran 27 ga Agusta, 1991, sa'ad da aka cire Jigawa daga Jihar Kano, kuma a 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a nan. Muka tsaya a ƙofar jami'ar, ta ga 'yan mata da hijabansu da littattafai suna shiga. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Gwaggo, su ma daga ƙauye suka zo?" Na ce da yawansu.

A mota muka koma, an ɗaure kekuna a bisa. Abin da ya ci mana kwana biyu, mota ta cinye shi kafin mu gama hira, amma ba mu ga kome ba sai ƙura. Da muka ba Yaya labari, sai ya ɗauki kekensa ya nemo hanyar bayan gari da ta ɓulla makaranta ba ta taɓa titi ba. Ta fi tsawo kaɗan. Yanzu ita yarinyar take bi, tare da ƙawayenta biyu.

To, 'yan makaranta, ga shawarata. Ku sa wando a ƙarƙashin zane, ku tattare hijabi kada ya shiga sarƙa. Kada ku tafi ku kaɗai, kada ku kai magariba, kuma ku koyi faci da hannunku. In kun zo titi ku sauka ku tura.

Ku kuma iyayen gida, in damina ta zo maigida zai yi huɗa, ku tuna masa ya bar wa hanya haƙƙinta. Kunya ɗaya bana, kunya ɗaya baɗi, da haka burtali yake mutuwa. In kun ga ana cin hanya a unguwarku, ku sa a gaya wa mai unguwa ko dagaci tun da wuri, gama ta nan 'ya'yanku za su bi su je makaranta.

In Allah Ya kai mu baɗi, muna da niyyar zuwa Birnin Kudu mu ga zanen shanu da mutanen dā suka yi a jikin Dutsen Habude. Wadda take da keke da izinin gida, ta shirya. Sai mako mai zuwa.