Xiaobei, Zangon Fatakenmu a Birnin Guangzhou

Wanda ya sauka a tashar Xiaobei ta jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na 5, harsuna ne za su fara tarbarsa: Faransancin mutanen Gini da Mali, Larabcin 'yan Yaman, Suwahili, can cikin hayaniyar kuma sai ya ji an ce, "Alhaji, yaushe a gari?" Nan ne zangon fataken Afirka a Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin. Musulmi sun fi taruwa a kewayen dogon benen Tianxiu da lungunan Dengfeng, 'yan uwanmu Ibo kuwa sun fi yawa a Sanyuanli, wajen kasuwar Canaan.

Ni mutumin Hardawa ne, kuma son ganin tushen kayan da suka cika mana kasuwa ne ya kai ni: fitilar sola, wayar itel da Tecno, takalmin roba, atamfa mai sauƙin kuɗi, har da baburan da ke jigilar mutane a Azare. Kaya kam na gan su. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masu turo mana su ke rayuwa.

Zaman nan a kan takarda ya rataya. Dokar shige da fice da ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013 ta wajabta wa baƙo rajistar masaukinsa cikin awa 24. In otal ka sauka, su za su yi maka. In gidan wani ne, sai ku ɗauki fasfo da takardar haya ku nufi ofishin 'yan sandan unguwa. Wanda bizarsa ta ƙare bai fita ba, tarar yuwan 500 ce a kowace rana har ta kai 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15, kuma ana iya hana shi dawowa na shekaru. Na ga samarin da suka faɗa wannan hali. Ba su fita sai dare ya yi, ba su iya yankar tikitin jirgin ƙasa zuwa wani gari domin sai da fasfo, ciwo ma a ɗaki suke jinyarsa. A gida kuwa ana cewa wane yana Caina, ya ji daɗi, kowa sai aiko masa da buƙata yake. Ban ga abin da ya sosa mini zuciya irin wannan ba.

Bayan fasfo sai waya. Mai tallan ayaba a bakin titi ma da WeChat ko Alipay ake biyanta; in ka miƙa takardar kuɗi za ta karɓa, canji ne dai zai yi wuya. Layin waya da fasfo ake saye. WhatsApp da Facebook da Google a toshe suke, don haka masu zuwa kan sa manhajar VPN tun daga gida. Tasi ta Didi ake kira, ciniki kuma da kalkuleta da tafintan cikin waya ake ƙulla shi: ya danna farashi, ka goge ka danna naka. Awa 7 ke tsakaninmu da su. Lokacin da ake asuba a Azare su azahar suke shiri, kuma sai yamma ta yi musu sannan 'yan Kantin Kwari ke buɗe shago su fara kira. Dare ya zama lokacin aiki ke nan, barci sai abin da ya samu.

Ciki ba ya wahala a Xiaobei. Musulmin ƙabilar Hui suna da shagunan taliyar Lanzhou da romon naman sa, Uigur kuma suna gasa naman rago da gurasa. Da ka bar unguwar sai ka nemi alamar halal kafin ka zauna, domin ko ganye aka soya maka, mai yiwuwa da kitsen alade ne. A saman benaye akwai ɗakunan da ake tuƙa tuwo, kuma duk mai zuwa daga gida ana sa ran ganin kuka da daddawa da yaji a jakarsa. Ruwan famfo sai an tafasa. Laima kuwa ba a magana: wajen watan Maris bango kansa zufa yake yi, shadda ta kwana a igiya ba ta bushe ba.

Ba ka jin kiran salla a lasifika, wayarka ce ladaninka. Shi ya sa Juma'a ke da wani irin daɗi. Jama'a kan ɗunguma zuwa masallacin Xianxian, kusa da lambun Yuexiu, inda akwai kabarin da Musulmin Sin ke dangantawa da Sa'ad bin Abi Waƙƙas, Allah ya yarda da shi, ko da yake malaman tarihi sun tabbatar a Baƙi'a ta Madina aka binne shi. Sahu kan cika har ya malalo farfajiya ƙarƙashin itatuwa: Basine da farar hula, Bayamale, ɗan Pakistan, Bakano da zanna bukar, kafaɗa da kafaɗa. Da an sallame sai gaisuwa ta ɓarke. A nan ake jin wa ya iso, wa aka kama, kayan wa suka maƙale, nawa yuwan ta kai a naira, gidan wa aka yi rasuwa. A tsohon gari kuma akwai masallacin Huaisheng da hasumiyarsa mai tsawon mita 36, ɗaya daga cikin masallatai mafiya daɗewa a ƙasar. Musulunci ba baƙo ba ne a birnin nan, kuma sanin haka yana sanyaya ran baƙo.

Masu zaman dindindin su ne ƙashin bayan harkar. Su ke tarbar ɗan kasuwa a filin jirgin Baiyun, su kai shi Foshan sayen tayil da kujeru, ko Shenzhen sayen waya, ko su raka shi bikin baje kolin Canton da ake yi tun 1957, sau biyu a shekara. Su ke tsayawa a sito su tabbatar abin da aka loda shi ne samfurin da aka nuna, domin a nan ake yawan cutar mutane. Kayan jirgin sama da kilo ake biya, na ruwa da girman wurin da suka ci a kwantena, daga nan sai Apapa, sai tirela zuwa Kano. Miliyoyi ke wucewa ta hannunsu bisa amana kawai, ladarsu kuma ɗan kamasho.

Ba su manta Afrilun 2020 ba, lokacin korona, da aka fitar da 'yan Afirka daga gidajen haya da otal-otal, wasu suka kwana a titi, har Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin na lokacin, Zhou Pingjian, ya nuna masa ɓacin ran Nijeriya. Tsofaffin zama sun ce unguwar ba ta koma cikarta ta da ba. Duk da haka na ga tsaro da tsafta, na ga masu shago da suka riƙe abokan cinikinsu da gaskiya shekara da shekaru.

Samarin Hardawa da Azare da ke sha'awar zuwa, ku je, akwai alheri. Amma ku je da biza sahihiya, da jari, da wanda zai tarbe ku, ku kuma fito kafin kwanakinku su cika. Iyaye, don Allah kada a sayar da gona a tura yaro bai san abin da zai je saye ba.