Abin Da Ɗana Ya Gani

'Yar uwa, yau labarin kaina zan ba ki, ko Allah zai sa wata ta tsira daga kuskuren da na yi.

Lokacin da karatu ya kai maigidana Amurka, ɗanmu Abba yana shekara shida. Yaro ne mara magana, karatu kuma bai zauna masa da wuri ba. Aikinsa tsince-tsince: murfin kwalba, maɓalli, tsohon makulli. Kullum in na zo wanki sai na zazzage aljihunsa na zubar, ina faɗa, "Kai dai ba ka da aiki sai tara shara!" Wallahi har na fara cewa a raina yaron nan daƙiƙi ne.

Wata Asabar maƙwabciyata ta ja mu gidan nunin zane-zane na garin. An kawo hotunan Walter Wick, mai ɗaukar hoton da ya yi littattafan yara masu suna I Spy tare da marubuciya Jean Marzollo, tun 1992. A wancan lokacin ita ke tsara kacici-kacici a waƙe, shi kuma ya ɗauki hoto cike da tarkace, yaro ya nemo abubuwan da aka ambata. Kamar dai kacici-kacicinmu na dandali, sai dai nan ido ke ba da amsa.

An buga hotunan manya-manya a bango, ga kuma ainihin 'yan gine-ginen da ya haɗa da hannu a ajiye cikin gilashi. Da ya tashi jawabi, ya nuna yadda yake aiki: ya tara kayan wasa da ƙananan tarkace, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya daidaita fitila da inuwa, sannan ya ɗauka. Ai sai jikina ya yi sanyi. Irin sharar da nake zubarwa daga aljihun ɗana, ita ce jarin wannan bawan Allah.

Bayan an tashi muka tsaya gaban wani hoto. Maƙwabciyata ta ce mu nemo allura. Na duba sama, na duba ƙasa, har idona ya fara ruwa, ban ga komai ba. Sai na ji an ja bakin mayafina.

"Umma, ga ta can, bayan zaren."

Kafin mu bar wajen ya nemo abu bakwai, ni ko ɗaya. Kinga yaron da nake kira daƙiƙi ke nan. Ashe idonsa a buɗe yake, ni ce gaggawa ta hana ni ganinsa.

Da muka koma gida na wanke gwangwanin madara na ba shi ya zuba dukiyarsa. Da dare sai mu baje su a faranti, in ce ya nemo mini abin da sunansa ya fara da "ma". Ya ɗauko makulli, ya ɗauko maɓalli. Ta nan haruffa suka fara shiga kansa, ba tsawa, ba bulala.

'Yar uwa, ba sai kin je Amurka ba. Faranti ɗaya da tarkacen ɗakinki sun isa. Kafin ki zazzage aljihun ɗanki, tambaye shi me ya gani a ciki. Allah ya raya mana su, ya ba mu haƙurin zama da su, amin.