Littattafan Malam Sun Shiga Rabon Gado

A daminar bara ne muka je ta'aziyya wani ƙauye tsakanin Tudun Wada da Doguwa, inda dattijon da ya biya mana Ahalari da Ishmawi muna yara ya riga mu gidan gaskiya. Bayan an shafa fatiha, sai babban ɗansa ya ce, "Malam, ku shigo ku ga littattafan Baba." Ya jawo wani tsohon adudu, muka kwance gafaka ta farko, sai ƙasa ta zubo mana a cinya. Gara ta cinye rabi, danshi kuma ya manne sauran.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne littafin da gara ba ta taɓa ba, wato waƙoƙin wa'azi na ajami a kan tsohuwar takardar nan mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa daga Italiya ta hamada. Da yake irin waɗannan littattafai ba a ɗinke su, sai magada suka kasa shi uku don neman tabarruki. Kashi ɗaya ya tafi Kiru, ɗaya Bebeji, ɗaya ya zauna a gida. Magabata kan rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan takarda domin kada a rikita jeri. To, ina amfaninta idan shafin yana wani gari?

Ba a rasa wuraren adana ba. Akwai Gidan Ɗan Hausa da ɗakin karatu na Jami'ar Bayero a Kano, da Arewa House da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a Kaduna a 1970, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Sai dai magada na tsoron in littafi ya fita ba zai dawo ba, ma'aikatan kuma ba su san abin da ke zaurukanmu ba.

Mu dubi Timbuktu. A 2012 da rikici ya ɓarke a Mali, Abdulƙadir Haidara da gidajen malamai suka haɗa kai, suka kwashe littattafai sama da 300,000 a akwatunan ƙarfe, ta mota da jirgin ruwa, zuwa Bamako. A Janairun 2013 aka ƙona kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba. Ba don sun yarda da juna ba, da asarar ta fi haka nesa.

Ya 'yan'uwa marubuta, mu malaman makaranta mu ne magada suka sani. Kowa ya shiga zaurukan garinsu, ya rubuta sunan littafi da gidan da yake, sa'an nan mu gayyato masana su ɗauki hoto a gaban mai shi. Mu dai mun shawo kan magada biyu, saura na Kiru. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah Ya jiƙan Malam, amin.